Addu'ar da Na Katse Miki

Gyadi-Gyadi,
Kano.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙonsa ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Jos lafiya, ya tsare ki daga haɗarin hanya da sharrin mutum, ya haɗa ki da abokan zama masu tsoron Allah a makarantar jinyar nan. Na sa ta cikin zanen gadonki a ƙasan akwati, don na san sai kin isa za ki warware shi. Da a tashar Unguwa Uku na miƙa miki, da kin ce "To, Mama," kin cusa a jaka, kamar yadda kike yi da duk maganata shekara biyu ke nan.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi ni sai ranar nake fafe nawa. Shekara ashirin da biyu ina tsaye gaban yara da alli a firamare a Tarauni, bakina bai taɓa mutuwa ba, amma da na zo gabanki sai harshe ya yi mini nauyi. Ba zan ce miki ki yi karatu ko ki yi hankali da samari ba, kin fi ni iya wannan huɗubar. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an taso sujada, muna tsintar shinkafa a tsakar gida, na ce ki sa Littafi Mai Tsarkinki cikin kaya. Ba ki ɗago kai ba kika ce, "Mama, ni da Allah mun daɗe ba ma magana." Na dakata da tsintata. Sai kika ƙara, murya a kwance kamar mai faɗin farashin manja, "Da ma ni ce ban dawo ba, da kowa ya huta." Kika ci gaba da tsintarki. Rifkatu, tun daga lokacin maganar nan ba ta bar kunnena ba. Tsoro nake ji, tsoron ki shiga ɗaki a garin da ba wanda ya san yadda fuskarki take a da, ki rufe ƙofa da wannan magana a cikinki. Na rasa ɗa ɗaya a hanya, ba zan iya rasa ta biyu a cikin ɗaki ba.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shirun nan naki a wurina kika koye shi, don haka ni ya kamata in fara buɗe baki.

Kin san abin da ya faru, amma bari in jera shi, don ban taɓa faɗarsa a gabanki daga farko har ƙarshe ba. Da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, har rawa muka yi a coci, muna cewa wahala ta ƙare. Ba a cika shekara ba zaman ya fara tsami. A wannan lokacin ne yayanki Ishaku ya rufe shagonsa na gyaran rediyo a kasuwar Tarauni ya tafi Kaduna sayo miki fom na makarantar jinya, da nufin ya kwana ɗaya ya dawo. Washegari garin ya hargitse. Kawunki Danladi ya yi mako uku yana bin asibitoci da ofisoshin 'yan sanda, bai samo mana gawa ba, bai samo labari ba, ko takalminsa bai gani ba.

Kuskurena na farko shi ne na hana kuka a gidan nan. Na ce duk wanda ya yi kuka ya binne Ishaku da ransa. Akwai kuma wani dalilin da ban faɗa miki ba. Mu kaɗai ne Kirista a layinmu, kuma tun rasuwar babanku na ɗora wa kaina cewa mu shaida ne, kada maƙwabta su ga Kirista na kururuwa su ce ina bangaskiyar da muke faɗa. Ba wanda ya taɓa faɗar haka, ni na ƙirƙiro abina. Duk wanda ya ce "Malama, yaya haƙuri?" sai in washe baki in ce "Da godiya," in shiga ɗaki in cije leɓe.

Kin tuna ranar da matan zumuntar cocinmu suka zo gaishe mu, sun cika falo da zanensu iri ɗaya da tulunsu na kiɗa? Na ce a yi irin addu'ar da muka saba yi kowace safiya, kowa ya faɗi abu ɗaya da zai gode wa Allah a kai. Aka zagayo kanki. Kika durƙusa kika ce, "Ya Uba, ni ba ni da abin godiya yau. Ina kake lokacin da Yaya yake neman hanyar gudu? Me ya sa ka..." Ba ki ƙarasa ba na miƙa hannu ta ƙarƙashin zane na mintsine ki a cinya, mintsini mai kyau, sannan na ɗaga murya na rera waƙar godiya, mata suka amsa, tulu ya ɗauka. Da suka tafi na ce miki, "Kin kunyata ni. Haka ake yi wa Allah magana?" Shekararki goma sha bakwai. Tun daga ranar ban sake jin muryarki a addu'a ba sai "Amin", daga baya ma Amin ɗin ya ƙare.

Yau ina faɗa miki, a cikin dukanmu da muka cika falon nan, ke kaɗai kika yi addu'a. Mu sauran waƙa muka yi. Ni kuwa mutuncina nake karewa, na fake da sunan Allah. Ubangiji Yesu da kansa ya tsaya a bakin kabarin abokinsa ya yi kuka a gaban jama'a, kuma a kan gicciye ya tambayi Ubansa dalilin da ya sa ya yashe shi. Wace ce ni da zan fi shi ladabi? Don haka ga shawarata ta farko. Tambayar nan da na katse, ki koma ki ƙarasa ta. Ki faɗa masa da irin kalmomin da suka zo bakinki, ko da masu kaushi ne. Uba ya gwammace 'yarsa ta zo tana huci da ta daina shigowa ɗakinsa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don shi ba wanda ya gani. Watanni uku na farko na ɗauki addu'a kamar ciniki. Azumi daga shida zuwa shida, kwana ashirin da ɗaya, in huta, in sake. Na ce wa Allah ga nawa, saura nasa. Har rana nake yanka masa, in ce kafin bikin Ista zan ji sallamar Ishaku a ƙofa. Ista ta zo ta wuce. Baba Pasto ya zo da dattawan ikilisiya biyu, ya ce, "Maman Ishaku, ki yarda a yi sujadar tunawa da yaron nan, ko zukata za su sami wurin sauka." Na ce masa in shi bangaskiyarsa ta ƙare, tawa da saura. Tsohon nan da ya yi mini baftisma, haka na sallame shi ko ruwa ban ba shi ba.

Da na ga cinikin bai faɗa ba, sai na daina addu'a ɗungurungum. Kin yi mamaki? Fiye da shekara guda. Kina ganina kowace Alhamis ina jagorantar addu'a a zumunta, mata na cewa in Malama ta buɗe baki sai jiki ya yi yarr. Haddace ce kawai, irin ta 'yan aji uku. Ina fitowa sai in ji bakina kamar na tauna toka. A gida in durƙusa a bakin gado don ki gan ni, ina lissafin abin da zan koyar gobe. Kin ga ashe mu biyu ne ba ma magana da Allah a gida ɗaya, sai dai ke kin fi ni gaskiya, kin faɗa.

Ga kuma zaman ɗar-ɗar da ake ciki. Kin tuna jakar da muka ajiye bayan ƙofa, da takardun makarantarku da zane bibbiyu, ko za a ce a gudu bariki. Kowace Juma'a da rana kunnuwana a tsaye. Tayar mota ta fashe a titin Zariya, sai ki ga 'yan kasuwa na jan ƙofofin shaguna. Ni da na yi shekara goma sha takwas ina karɓar garwashi daga hannun maƙwabciyarmu Hajiya Binta ta katanga, na koma in na ji muryarta sai in shige ɗaki. Matar da ta yi mini wankan jego lokacin haihuwarki. Ba abin da ta yi mini, baƙin cikin da na hana fita ta ido ne ya nemi wata hanyar.

Wata Talata da hantsi, ina cikin aji ina rubutu a allo, wani ya shigo harabar makaranta a guje yana cewa an fara rikici a Unguwa Uku. Kafin ka ce kwabo iyaye sun cika ƙofa, kowa na fizgar nasa, yara na kuka, takalma a warwatse. Malamai suka watse. Ni kuwa ban fita ba. Na zauna a kan bencin yara, aji ba kowa, alli a hannuna. Ba na jin tsoron mutuwa a lokacin, abin da ya ba ni tsoro shi ne na ji a raina cewa in sun zo ma, su zo. Irin maganar da kika yi ranar Lahadi, ni ma na taɓa jin ta a cikina, shi ya sa na gane ta da kika faɗa.

A nan bakina ya buɗe da kansa. Ban durƙusa ba, ban rufe ido ba, ban fara da yabo ba. Na ce, "Na yi fushi da kai. Ka ɗauke mijina na yi shiru. Yanzu ka ɗauke yaron, ko gawarsa ka hana ni. Me na yi maka?" Na yi ta faɗa, ina kuka da majina kamar 'yar aji ɗaya, har na gaji. Ban ji wata murya daga sama ba, kada in yi miki ƙarya. Ishaku bai shigo ba. Abin da na sani shi ne, da na yi shiru, na ji ba ni kaɗai ba ce a ajin nan, kuma wanda na yi wa faɗan bai tashi ya bar ni ba. Numfashina ya sauka har ciki, abin da na manta yadda yake.

Ashe ma jita-jita ce, wasu direbobi ne suka yi faɗa a tasha. Ina fitowa na tarar da Hajiya Binta a ƙofar makaranta, mayafi a karkace, ta tako tun daga Gyadi-Gyadi da ƙafa tana nemana. Ta dubi idanuna ta ce, "Maman Ishaku, yau kin yi kuka?" Na ce, "Na yi, Hajiya." Ta ce, "Alhamdu lillahi. Wallahi tun bara nake roƙa miki wannan. Ɗan da kika haifa ne fa, ba akuya ba." Kin ji shaidar da nake ta karewa. Matar da nake ɓoye wa hawayena, ita ce ke roƙon Allah ya ba ni ikon zubar da su.

To ga shawara ta biyu. Kada ki jira sai zuciyarki ta yi fari kafin ki je gabansa, ba wanda ke jira ya warke sannan ya je asibiti, ke da za ki zama ma'aikaciyar jinya kin fi ni sani. Kada kuma ki yi ciniki da shi kamar yadda na yi. Ranar da kalma ta ƙi zuwa, ki zauna kawai ki ce, "Ga ni." Ya isa. In kin ga dama ki buɗe Zabura, za ki tarar rabinta kukan mutane ne irinmu, ba a kuma goge shi daga littafin ba. Aikin da kika zaɓa zai sa ki riƙa ganin uwaye na faɗuwa a barandar asibiti. In ba ki da inda kike sauke naki, nasu zai haɗu da naki ya danne ki.

Sannan ki ji wannan da kyau, don ba shawara ba ce, umarni ne. Addu'a ba ta hana a nemi mutum. Duk ranar da tunanin nan na "da kowa ya huta" ya dawo miki, ko da rana tsaka ne ana cikin darasi, ki tashi ki fita daga inda kike ke kaɗai. Ki je wurin matar da ke kula da ɗakin kwananku, ko wurin likita, ki faɗa musu yadda kika faɗa mini, ba ragi. Na rubuta wa Anti Saratu, ƙanwar babanki da ke Jos, ta san komai, ƙofarta a buɗe take gare ki, kuma za ta zo duba ki kowace Asabar ko kin so ko kin ƙi. Ki yi fushi da ni a kan wannan in kin ga dama. Ki kuma ci abinci, Rifkatu. Siket ɗin da na ɗinka miki bara yanzu da fil kike riƙe shi, kina tsammani ban lura ba.

Saura kuskurena na uku. Na yi kwana huɗu ina zagaye shi, na yayyaga takarda biyu.

Wata bakwai bayan tafiyar Ishaku, kin ƙona miyar kuka, na shigo daga makaranta a gajiye, na buɗe baki na ce, "Da ba don fom ɗinki ba, da yanzu ɗana yana nan." Kin ajiye ludayi kin fita. Ba mu sake tayar da maganar ba. Magana zarar bunu ce, na sani, kuma na ga inda wannan ta sauka. Daga ranar kika daina dariya. Bara ma da aka ce ki sake neman makaranta, sai da kawunki ya yi da gaske kafin kika cike takarda. Kin ɗauka ke kika kashe yayanki, kuma uwarki ce ta tabbatar miki.

Ga abin da ba ki sani ba. Safiyar da zai tafi, kina wurin ɗiban ruwa a famfon bayan layi. Alhaji Sani, mijin Hajiya Binta, wanda ke kai kaya Kaduna duk mako, ya tsaya a ƙofarmu ya ce, "Malama, jiya na baro Kaduna, ban ji daɗin yadda na ga mutane na taruwa ba. A bar yaron nan ya ƙara kwana biyu." Ishaku ya ajiye jakarsa ya ce, "Mama, ko in bari sai wani makon? Ba a kusa rufe sayar da fom ɗin ba." Ni ce na ce a'a. Na ce mun riga mun yi addu'a, jinin Yesu ya rufe shi, ɗan Allah ba ya tafiya da tsoro. A raina kuma har da cewa ba maƙwabci ne zai koya mini dogara ga Allah ba. Na ɗora masa hannu a ka, na ɗauki jakar da hannuna na miƙa masa. Ya ce, "To, Mama." Ya tafi.

Allah ya aiko mini da gargaɗi har ƙofar gida, ta bakin mutumin kirki, na mai da addu'a laya na ture gargaɗin. Alhaji da Hajiya ba su taɓa tuna mini ba, ko da ido. Ni kuwa da kayan suka yi mini nauyi, sai na duba wa ya fi ni rauni a gidan na ɗora mata. Wannan shi ne abin da na yi miki. Ba ke kika tura shi ba. Ke fom kika nema, kamar yadda kowace yarinya mai son karatu za ta nema. Waɗanda suka tare hanya su suka yi abin da suka yi, za su amsa a gaban Mai Shari'a. In kuwa akwai wanda zai ce "da na sani" a gidan nan, ni ce, kuma na kai nawa gaban Ubangiji, ina kaiwa kullum, don ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Ya gafarta mini, na gaskata haka. Amma ban taɓa neman taki gafarar ba, saboda ina tsoron yadda za ki dube ni.

Ina nema yanzu. Ki gafarta mini mintsinin nan, ki gafarta mini maganar miya, ki gafarta mini shekara biyun da na bar ki kina ɗauke da abin da ba naki ba. Ba sai kin amsa da wuri ba. In kin karanta kin ji kin tsane ni, ki faɗa wa Allah haka nan, shi ma addu'a ce, kuma na fi son ki tsane ni kina raye kina magana da shi.

Jiya na je gidan Baba Pasto na durƙusa na ba shi haƙuri. Na ce na yarda a yi sujadar tunawa da Ishaku. Ya tambaye ni wace rana. Na ce ba ni zan sa ba, sai ƙanwarsa ta dawo hutu ta faɗa da bakinta, don ba za a yi ba sai tana zaune kusa da ni. Ya ce ko shekara nawa ne zai jira. Saboda haka ki sani akwai abin da ba zai yiwu a gidan nan ba sai da ke, kuma ba wanda zai huta in babu ke, ni ce farkon wadda ba za ta tashi ba.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya tsare ki a aji da ɗakin kwana da bakin gadon marasa lafiya. Ya kwantar da ƙurar ƙasar nan, ya kiyaye Jos, ya kiyaye Kano, ya kiyaye maƙwabtanmu. Ya zauna kusa da ke a ranakun da ba ki son jin sunansa, ya riƙe ki har ki iya magana. In kin samu direban da zai zo Unguwa Uku, ki aiko mini da layi ɗaya, ko "na isa" ne kawai. Zan riƙa leƙawa tashar kowace yamma in na taso daga makaranta.

Ni ce mahaifiyarki,
Maman Rifkatu.